TARIHIN MARIGAYI JANAR IBRAHIM BA'ARE MAINASARA, 1949-1999



A taron da munka yi bayan girbi, biron ƙungiya ya ɗora mani in rubuta tarihin marigayi Janar Ibrahim Ba'are Mainasara domin wannan fitowa. Na so in kauce. Lokacin da ya riƙe ƙasa ni yaro ne, ban ko gama lakwal ta firamare ba. Bayan haka kuma, a ƙasar Arewa maganar Ba'are ba ta da sauƙi: in ka yabe shi wani ya ce siyasa ce, in ka faɗi laifinshi wani ya ce ka ci amanar gida. Abin da ya sa na karɓa shi ne yaran da nake karantarwa. Littafin tarihinsu, na Faransanci, shina jera sunayen shugabannin Nijar da shekarunsu, shi ke nan. Yaro ɗan Dumega ko Koren Mairuwa ya san inda kabarin yake, amma bai san yadda mutumin ya hau ba, bai san yadda ya faɗi ba. To ga abin da na iya tarawa, manya su gyara mani inda na karkace.

An haifi Ibrahim ran 9 ga Mayu 1949. Gidansu Dumega ne, cikin Dallol Mawri, kudu da Dogon Dutsi, dab da iyakar Najeriya. A lokacin duka wannan ƙasa tana ƙarƙashin Dogon Dutsi, sai a 2011 anka yanke Tibiri ta zama gunduma mai kanta, da Dumega, da Gesheme, da Koren Mairuwa. Sunan da Turawa ke rubutawa Baré, mu mun san Ba'are ne, wato ɗan Arewa. Ya yi lakwal, ya shiga soja a 1970, ya yi horon hafsoshi a makarantar soja ta Antsirabe, can tsibirin Madagaska.

Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji sunka kifar da gwamnatin Jori Hamani, ana tsakiyar babban fari. Ba'are shina cikinsu, ƙaramin hafsa ne da bai cika shekara 25 ba. Seyni Kunce ya ɗauke shi kusa da shi, ya zama hafsan da ke bin bayanshi duk inda za shi. A 1976, shekarar da wasu sojoji sunka yi yunƙurin kifar da Kunce, anka ba Ba'are kumandan rundunar tsaron shugaban ƙasa. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da wagga runduna. A 1978 ya koma kumandan sojan laima a Yamai. Wanda ya zauna kusa da Kunce shekaru haka ya koyi abu guda: ƙasa tana tafiya da oda, mai mulki ya faɗi, na ƙasa ya aikata. Ni a ganina wannan makaranta ba ta taɓa barin shi ba.

A 1986 anka tura shi ofishin jakadancin Nijar a Paris a matsayin wakilin soja. Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987, Ali Shaibu ya gaje shi, Ba'are ya zama ministan lafiya. Daga nan sai aikin jakada, wanda ya kai shi Aljeriya daga 1990 har 1992. Wannan nisa ya yi mashi rana. Ran 9 ga Fabrairu 1990 anka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, a Mayu kuma anka yi ɓarnar Cintabaraden. Da Taron Ƙasa ya zauna a 1991, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba, an yi ta kiran manyan hafsoshi ana tuhumarsu gaban jama'a, rediyo na watsawa. Ba'are shina waje. Ya dawo 1992 da suna mai tsabta, ya yi aiki kusa da faraminista Amadu Shehu, daga baya kusa da shugaba Mahaman Usman. A Maris 1995 anka naɗa shi babban hafsan sojojin ƙasa.

Nan dole in tsaya in yi bayanin rikicin ƴan siyasa, don in ba a gane shi ba, ba za a gane abin da ya sa mutane da yawa sunka yi murna da juyin mulki ba.

A 1993 Mahaman Usman na jam'iyyar CDS-Rahama ya ci zaɓe, da taimakon ƙawancen AFC wanda anka ƙulla don kawai a hana Tanja Mamadu da MNSD-Nasara komawa mulki. Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya ya zama faraminista. A Janairu 1994 anka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kaya sunka yi tsada, albashi ba ya zuwa kan kari. A Satumba 1994 Isufu ya aje aiki, jam'iyyarshi ta koma wajen MNSD. Shugaban ƙasa ya rusa majalisa, anka sake zaɓe a Janairu 1995, ƴan adawa sunka samu kujera 43 cikin 83. Ala tilas Mahaman Usman ya naɗa Hama Amadu faraminista, Isufu kuma ya hau kujerar shugaban majalisa. Tsarin mulkin 1992 irin na Faransa ne, inda shugaban ƙasa da faraminista ke raba iko. A can Faransa sun saba da irin wannan zama. A nan sai ya zama zakara biyu akurki guda. Shugaba ya ƙi kiran taron majalisar ministoci, faraminista ya canza daraktocin kamfanonin gwamnati ba da sa hannun shugaba ba, kowa ya garzaya kotun ƙoli. Shekara guda cur ana wannan, takardu na kwance, ma'aikata na yajin aiki, masu ba da bashi daga waje sun naɗe hannu. A farkon 1996 anka fara jin cewa shugaba zai sake rusa majalisa, wasu kuma na shirin tsige shi.

Ran Asabar 27 ga Janairu 1996 Kanal Ba'are ya fito da sojoji. Anka kama shugaban ƙasa da faraminista da shugaban majalisa, anka dakatar da tsarin mulki da jam'iyyu, anka kafa majalisar soja mai suna CSN, ta ceton ƙasa. Tsofaffinmu da sunka ga ranar sun shaida cewa a Dogon Dutsi an yi guɗa. Kada mu ɗauka don ɗan gida ne kaɗai, a Yamai ma mutane sun fito goyon baya. Jama'a ta gaji. Ya kira Bukari Aji, ma'aikacin babban bankin ƙasashen yammacin Afirka, BCEAO, ya ba shi faraminista, da gwamnatin farar hula. A Fabrairu shugabannin nan uku da anka tuɓe sunka bayyana tare da shi, sunka amince cewa tsarin ya cije. Ran 12 ga Mayu anka yi zaɓen raba gardama, anka karɓi sabon tsarin mulki mai ba shugaban ƙasa cikakken iko. A Yuni Asusun ba da lamuni na duniya, FMI, ya sa hannu da Nijar, kuɗi ya fara shigowa.

Da farko Ba'are ya nuna cewa gyara ya zo yi, in ya gama shi koma bariki. Da ya tsaya nan, da wani tarihi nake rubuta maku yau. Amma masu zuga ba su rasuwa kusa da mai iko. Anka kafa kwamitocin goyon baya gari-gari, har a nan wajenmu. A Mayu ya zama janar, ya kuma ce zai tsaya takara ba da sunan wata jam'iyya ba.

Anka sa zaɓe ran Lahadi 7 ga Yuli 1996. Masu takara biyar: Ba'are, Mahaman Usman, Tanja Mamadu, Mahamadu Isufu, da Mumuni Adamu Zarmakoy na ANDP-Zaman Lahiya, ɗan gidan sarautar Doso. Kayan zaɓe ba su isa ko'ina ba, anka ƙara ranar Litinin 8 ga wata. A wannan Litinin ɗin, tun ba a gama ba, sakamako na farko ya fara fitowa, gwamnati ta rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ta naɗa wata sabuwa, CNE, wadda ita ta zaɓi mutanenta. Sojoji sunka kwashe akwatuna daga biro-biro na zaɓe. Ƴan takara huɗun nan anka tsare su cikin gidajensu. Da CNE ta gama ƙidayarta ta ce Ba'are ya samu kashi 52 cikin 100 tun zagayen farko, Mahaman Usman kusan 20, Tanja kusan 16. Kotun ƙoli ta tabbatar, anka rantsar da shi ran 7 ga Agusta.

Na san akwai dattawa cikinmu da har gobe za su ce CENI ɗin ce ta fara ha'inci, tana fitar da sakamakon wuraren da ƴan adawa ke da ƙarfi don ta tada hankali. Wannan ita ce hujjar da gwamnati ta bayar a lokacin. Ni mushen lakwal ne, na san abu guda: in ana tsakiyar gyaran takardun jarrabawa, ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya kori masu gyara ya kawo nashi, ko da shi ne ya fi kowa ƙoƙari a aji, ba wanda zai sake yarda da takardar shaidarshi. Mai yiwuwa ne Ba'are shi ci zagaye na biyu da gaskiya. Ba mu da hanyar sani, shi ma bai samu hanyar sani ba. Tun daga wannan Litinin ɗin duk shekaru ukun da ya yi, ya yi su ne shina neman yardar da ya zubar a yini guda.

Manyan jam'iyyu sunka haɗu cikin wani gungu mai suna FRDD, mutanen da jiya ba su ga-maciji yau sun zama tsintsiya ɗaya. Sunka ƙaurace wa zaɓen majalisa na Nuwamba 1996, magoya bayan Ba'are na UNIRD sunka kwashe kujera 59 cikin 83. Amurka ta tsayar da taimakonta. Faransa kuwa, ta Jak Shirak, ta rungume shi. A Janairu 1997 ƴan adawa sunka yi zanga-zanga a Yamai, anka kama Mahaman Usman da Tanja da Isufu, anka riƙe su kwanaki. Gidan rediyon Anfani mai zaman kanshi ya sha rufewa da ɓarna, an kama ƴan jarida, an yi wa wasu duka. A Janairu 1998 anka kama Hama Amadu bisa zargin shirya makirci, daga baya anka sake shi. Zarmakoy, wanda da farko ya yarda ya yi tafiya da gwamnati, shi ma ya janye a 1998.

Faraminista uku ya yi. Bukari Aji ya sauka a Disamba 1996. Amadu Bubakar Sise, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, ya riƙe wata goma sha ɗaya, Ba'are ya sallame shi da dukan ministocinshi a Nuwamba 1997, ya ce sun kasa. Sai Ibrahim Hasan Mayaki, malamin jami'a, ɗan Adamu Mayaki wanda ya yi minista zamanin Jori. A Agusta 1997 anka kafa jam'iyyar RDP-Jama'a, Hamid Algabid, tsohon faraministan Kunce, ya zama shugabanta. Ko ba a faɗa ba kun san inda jam'iyyar ta fi kafa saiwa.

Abin da talaka ya fi ji a jikinshi shi ne kuɗi. Farashin uraniyum ya daɗe a ƙasa, damanar 1997 ba ta yi kyau ba, sharuɗɗan FMI sun ce a rage albashi a sayar da kamfanonin gwamnati. Bashin albashi, wanda ya gada daga na gabanshi, ya ƙaru maimakon shi ragu. Uwar ƙungiyar ƙwadago USTN da sandikar malaman lakwal SNEN sunka yi ta kiran yajin aiki, ɗaliban jami'a na kan titi. Abin da nake tunawa da idona ke nan: mahaifina, Allah shi jiƙanshi, shi ma mushe ne, shina aike ni wajen mai tebur da ƴar takarda a rubuta mana tiyar hatsi bashi, mai tebur shina tambaya cikin raha ko watan gwamnati ya tsaya. Kwana nawa munka je lakwal munka tarar da aji a rufe, ban iya ƙirgawa. A Fabrairu 1998 abin ya kai ga sojoji kansu, ƙananan soja sunka yi bore a Difa da Agadas da Damagaram saboda kuɗinsu.

Zalunci ne a faɗi wannan a ɓoye abin da ya yi na kirki. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen Abzinawa an sa mata hannu kafin ya hau, amma wasu ƙungiyoyi sun koma daji. Shi ne ya bi su da lallashi. A Nuwamba 1997 anka sa hannu a birnin Alje da ƙungiyoyin UFRA da FARS, sanin da ya yi wa Aljeriya lokacin jakadanci ya yi amfani. A Agusta 1998 anka sa hannu a Njamena da Tubawan FDR na gabas. Ɗaruruwan tsofaffin ƴan tawaye sunka shiga aikin gwamnati da na tsaro. Ƴan Arewa da ke tuƙin manyan motoci hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit sun san bambancin da wannan ya kawo. Gabas ɗin dai ba ta rasa tabo ba: a farkon 1999 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sunka tona maganar wani kabarin bai ɗaya a Bultungur, jahar Difa, sunka ɗora alhakin a kan sojoji. A harkar waje, shi ne ya maido da hulɗa da ƙasar Sin a Agusta 1996, bayan shekara huɗu Nijar tana tare da Taiwan. Ya yi kusa da Janar Sani Abaca na Najeriya da Kanal Gaddafi na Libiya, wanda ya sauka Yamai a Mayu 1997 ya ja sallah, kashegari ya wuce Kano. Nijar tana cikin ƙasashen da sunka kafa CEN-SAD a Tarabulus a Fabrairu 1998. Rasuwar Abaca a Yuni 1998 ta raba shi da babban jigo.

A 1998 gwamnati da ƴan adawa sunka daidaita a kan a maido da CENI a yi zaɓen ƙananan hukumomi da na gundumomi da jahohi. Anka yi shi ran 7 ga Fabrairu 1999. Wannan ita ce damar wanke abin da ya faru a Yuli 1996. Da sakamako ya fara nuna ƴan adawa na gaba, sai ga mutane sun afka wa wuraren tattara ƙuri'u a garuruwa da dama, sunka yayyage takardu, sunka ƙona wasu. A farkon Afrilu kotun ƙoli ta soke zaɓen a wurare masu yawa ta ce a sake. Ƴan adawa sunka ce shugaba shi sauka, sunka kira jama'a kan titi.

Ran Juma'a 9 ga Afrilu 1999, da hantsi, Ba'are ya tafi filin jirgin sama na soja a Yamai. Za shi Inates ne, kusa da iyakar Mali, cikin jirgi mai saukar ungulu. Ya karɓi gaisuwar soja, ya nufi jirgin, sai anka buɗe mashi wuta da babbar bindiga mai sarrafa kanta wadda ke ɗaure bisa mota. Ya mutu nan take, da wasu cikin masu rakiyarshi. Saura wata guda shi cika shekara 50. Waɗanda sunka harbe shi sojojin rundunar tsaron shugaban ƙasa ne, rundunar da shi da kanshi ya yi wa kumanda a 1976. Faraminista Mayaki ya fito a rediyo ya kira abin haɗari, ya rusa majalisa. Bayan kwana biyu kumandan rundunar, Dauda Malam Wanke, ya zama shugaban ƙasa a kan majalisar soja mai suna CRN. Wanke ɗan Yelu ne, ƙasar Gaya, kudu da mu kaɗan, jaha guda da marigayin. Anka kawo gawa Dumega anka rufe.

Wanke ya cika alkawarin da Ba'are bai cika ba, bai tsaya takara ba. Anka yi sabon tsarin mulki a Yuli 1999, Tanja Mamadu ya ci zaɓe a Nuwamba bayan zagaye na biyu da Isufu, ya karɓi mulki a Disamba, Hama Amadu ya koma kujerar faraminista. To amma cikin wannan tsarin mulki an saka wata aya, ta 141, wadda ta yi afuwa ga waɗanda sunka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da waɗanda sunka yi na 9 ga Afrilu 1999. Ku duba da kyau, aya guda ce. Layin da ya wanke Ba'are da abokanshi daga abin da sunka yi wa Mahaman Usman, shi ne ya wanke waɗanda sunka kashe shi. A Janairu 2000 majalisa ta mayar da afuwar doka. Iyalinshi sun kai ƙara tun 1999, kotunan gida sunka ce hannunsu a ɗaure yake. RDP-Jama'a ta yi shekaru tana neman a yi binciken ƙasa da ƙasa, tana kuma shiga gwamnatoci tana fita. Wanke ya rasu ran 15 ga Satumba 2004, ba a taɓa tsayar da shi gaban alƙali a kan wannan magana ba.

Iyalin ba su gaji ba, sunka ɗauki ƙarar zuwa kotun CEDEAO ta Abuja. Ran 23 ga Oktoba 2015, shekara 16 bayan kisan, kotun ta yanke cewa an tauye wa marigayin haƙƙinshi na rayuwa, an kuma tauye wa iyalinshi haƙƙinsu na samun shari'a. Ta umurci gwamnatin Nijar ta biya su diyyar miliyan 435 na sefa, a raba tsakanin matarshi da ɗiyanshi biyar da ƴan'uwanshi goma sha ɗaya. Shugaban ƙasa a wannan rana shi ne Mahamadu Isufu, ɗaya daga cikin mutum ukun da Ba'are ya kama ran 27 ga Janairu 1996.